Wa Ya Tsere wa Haske? Kakangi, Ku Kawo Shaida

Jama'ar Kakangi, a ɗan matsa min a bencin. Tun ban buɗe baki ba na san kun rabu gida biyu. Gida na farko su ne 'yan "ƙaryar Bature ce", waɗanda in ka ce musu haske tafiya yake yi, sai su danna tocila su haske bango su ce, "To ina tafiyar? Ina dannawa ya isa." Gida na biyu sun fi ba ni ciwon kai, don su da waya a hannu suke gardama. Duk bayan 'yan watanni sai an turo musu bidiyo a WhatsApp, da hoton taurari da murya mai amo, wai an gano abin da ya fi haske sauri, Einstein ya sha ƙasa. Waɗancan sun ce ba a yi tseren ba, waɗannan sun ce an gama har an ba da kofi. Kowa ya kwantar da hankalinsa, tsokanar ta isa a raba.

Baba mai tocila, da kai zan fara, girmanka ne. Damina nawa ka yi a gona? Sau nawa ka ga walƙiya ta keta sama ta wajen dajin Kamuku, ka ɗan jira, sannan tsawar ta iso? Wannan jiran da kake yi shaida ce cewa ƙara tafiya take yi, kusan daƙiƙa uku take ci a kowace kilomita. Ka yarda da tafiyar ƙara saboda tana jinkirin da kunnenka zai kama. Haske ma yana jinkiri, idonka ne bai kai ya kama shi ba. Kuma kafin ka sake jingina maganar ga Bature, ka sani Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya rubuta a cikin Kitab al-Manazir cewa haske yana buƙatar lokaci kafin ya isa inda za shi. Wannan kusan shekara dubu ke nan. Al-Biruni, sa'ansa a zamani, shi ma ya lura haske ya fi ƙara sauri nesa ba kusa ba. Bature ya zo daga baya ne da agogo. A 1676 Ole Rømer, mutumin Denmak da ke aiki a Faris, ya lura cewa Io, ɗaya daga watannin Mushtari, yana shiga inuwa da wuri idan duniyarmu ta matso kusa, yana makara idan ta yi nisa. Watan bai sauya halinsa ba, labarinsa ne yake daɗewa a hanya.

Ga lambar, ka riƙe: mita 299,792,458 a daƙiƙa ɗaya, a sarari fayau inda babu iska babu ruwa. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari kusan kilomita 120 ne, hanyar da aka yi shekaru ba a hawanta sai an yi addu'a an kuma tambayi direban da ya fito. Haske zai shafe tsawonta sau 2,500 kafin daƙiƙa ta cika. Amma daga rana zuwa gonarka sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20. Ranar da kake gani ta faɗi da magariba, tsohon labari kake kallo.

Na ji ɗan acaɓan can yana cewa, "To shi ke nan, yana da gudu. Gudu kuma ai na mai inji ne. A ƙera babban inji a wuce shi." Ƙanena, nan ne gizo ke saƙar. Idan kana bin mota a baya kana ƙara wuta, ratar gudunku raguwa take yi, har ka jera da ita. Haske ba ya wannan wasan. Ko kana tsaye, ko kana binsa, ko kana guje masa, in ka auna sai ka samu lambar nan dai, ba ragi ba ƙari. Michelson da Morley sun nemi bambancin a Amurka a 1887, da na'urar da za ta iya kama shi, ba su samu ba. A 1905 Albert Einstein, yana ƙaramin ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern, ya ce a daina neman laifin na'ura, a karɓi abin yadda yake. In saurin haske ba ya canzawa, to lokaci da tsawo ne suke canzawa: agogon mai gudu yana tafiya a hankali idan mai tsaye ya auna shi. Daga nan lissafi ya fito da hukuncin da bai yi maka daɗi ba. Duk abin da yake da nauyi, yana matsowa kusa da saurin haske, ƙarfin da ake buƙata don a ƙara masa gudu yana hauhawa, kuma kafin ya taɓa layin sai an zuba ƙarfi marar iyaka.

An gwada, kada ka ce a takarda ne kawai. A CERN, kan iyakar Siwizalan da Faransa, akwai rami zagayayye mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, inda ake kora ƙwayoyin furoton da wutar da za ta ishi gari guda. Suna kaiwa kashi 99.9999991 cikin ɗari na saurin haske. Abin da ya rage musu kusan mita 3 ne a daƙiƙa. A ninka musu wuta, ratar ta ƙara tsukewa, amma ba ta rufewa.

In kuma Siwizalan ta yi maka nisa, sa hannu a aljihu. Taswirar da ke cikin wayarka da GPS take aiki, shi kuma da agogon taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200. Gudunsu yana rage wa agogonsu tafiya kaɗan, nisansu daga jan ƙasa yana ƙara masa fiye da haka, idan aka haɗa sai agogon ya riƙa wuce na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana. Ka raina? Da ba a gyara wannan da lissafin Einstein ba, kuskuren zai riƙa taruwa sama da kilomita 10 kullum. Cikin mako biyu wayar za ta rantse maka kana Kaduna alhali kana ƙofar gidanka. Hatta gwajin da ya fara fito da sunan mutumin a duniya a maƙwabtanmu aka yi shi: ranar 29 ga Mayu 1919 Arthur Eddington ya ɗauki hoton kusufin rana a tsibirin Principe, can cikin teku kudu da Najeriya, wata tawagar kuma tana Sobral a Birazil, aka ga hasken taurari ya lanƙwasa da ya gifta kusa da rana.

Yanzu 'yan WhatsApp, na ga kuna murmushi an kayar da Baba. Ku gyara zama, naku ya fi tsawo. Zan ma fara ba ku kyauta: akwai abin da yake wuce haske, kuma ba sai kun nemi biza ba, yana Samaru, Zariya. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kusan kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu, aikin da masu haƙar zinariyar yankinmu za su so su ji labarinsa. Zuciyar tukunyar a nutse take cikin ruwa. Shi kuwa haske, in ya shiga ruwa gudunsa yana sauka zuwa kusan kilomita 225,000 a daƙiƙa. Ƙwayoyin ilektiron da aikin tukunyar ke watsowa, wasunsu sun fi haka gudu. Sai su wuce haske a cikin ruwan, su bar wani shuɗin ƙyalli a bayansu, irin wanda ake gani a hotunan tukwanen nukiliya. Pavel Cherenkov ya gano shi a Rasha a 1934, ya karɓi kyautar Nobel a kansa a 1958 tare da Frank da Tamm. Don Allah kada wannan magana ta kai kunnen Zazzagawa, mutanen da ko babu dalili suna ji da kansu.

Kun ga kun fara tafi da wuri. Hasken da aka wuce a Samaru haske ne da ruwa ya riƙe wa ƙafa. Dokar Einstein a kan waccan lamba ta sarari fayau take, kuma ilektiron ɗin bai kai ta ba.

Labarin da ya fi kusa da ba ku nasara ya faru a Satumban 2011. Tawagar gwajin OPERA ta sanar cewa ƙwayoyin nutirino da aka harbo daga CERN, suka ratsa ƙarƙashin ƙasa kilomita 730 zuwa Gran Sasso a Italiya, sun iso da wuri, kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa kafin lokacin da haske zai iso. Jaridun duniya suka ɗauka. Abin da bidiyonku ba ya faɗa shi ne, su masu gwajin ba su ce sun karya doka ba. Cewa suka yi ga abin da muka auna, mun rasa inda kuskuren yake, a zo a taya mu dubawa. Masana kuwa tun a lokacin suna da dalilin ɗaga gira. A Fabrairun 1987 an ga fashewar wani tauraro mai nisan shekarar haske kusan 168,000, kuma nutirinonsa sun iso na'urorin Japan da Amurka 'yan sa'o'i kaɗan tsakaninsu da haskensa. Da suna da saurin da OPERA ta auna, da sun riga hasken da kusan shekara huɗu. A Fabrairun 2012 aka gano ɓarawon: wata wayar gilashi mai kai siginar GPS zuwa agogon gwajin ba ta zauna daram a mazauninta ba. Da aka gyara aka sake aunawa, nutirino ya koma layi, shugaban tawagar kuma ya ajiye muƙaminsa. Duk mai shagon cajin waya a Kakangi ya san tambayar farko idan aka kawo ƙorafi: "Ka tabbata ta shiga da kyau?" Manyan furofesoshi sun yi wata biyar kafin su iso wurin. Ina yi musu dariya, amma ina cire musu hula, don su da kansu suka tono abin kunyarsu suka shanya a rana. Bidiyon da ake turo muku har yau yana tsaye a Satumba, bai ji labarin Fabrairu ba.

Wani mai ɗan karatu a cikinku zai jefo maganar ƙwayoyin nan tagwaye, waɗanda in an auna ɗaya a nan, nan take sakamakon ɗayar ya dace da ita ko tana bangon duniya. Gaskiya ne, kuma a kansa Aspect da Clauser da Zeilinger suka karɓi Nobel a 2022. Sai dai mai aunawa ba shi da ikon zaɓen abin da zai fito masa, don haka ba shi da abin da zai rubuta da shi. Sai an kira ɗaya ɓangaren ta hanyar da aka saba an gwama sakamako kafin a ga dacewar. Ku da kuka yi kusan wata biyu babu sabis daga ƙarshen Satumban 2021, lokacin da gwamnati ta rufe layukan waya a Birnin Gwari da maƙwabtanta, ba sai an koya muku ba cewa riƙe waya daban, isar saƙo daban. Dokar a kan saƙo take. Abin da bai ɗauki saƙo ba, bai ɗauki kaya ba, ya yi ta gudunsa.

Malam na gefe ya yi gyaran murya, na san inda za shi: gadon sarautar Bilkisu, da aka kawo wa Annabi Sulaimanu, alaihis salam, kafin ƙiftawar ido. Allah gafarta Malam, abu biyu. Na ɗaya, mu'ujiza sunanta keta al'ada, fiziks kuwa al'adar halitta yake aunawa, don haka ba ta jiran sa hannun Einstein, shi ma bai ce a kawo masa ba. Na biyu, ko da awo za a bi, daga Yaman zuwa Baitul Muƙaddas kusan kilomita 2,000 ne, ƙiftawar ido kuma ba ta gaza kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci haske ya yi kilomita 30,000. Ka ga ko a nan ba a buƙaci wuce shi ba. Masu son kare addini da bidiyon kimiyyar da ba su tantance ba, su bar addinin ya huta, ya fi ƙarfin wannan taimako.

Saura masu alƙalami, kuma su ba 'yan damfara ba ne, masana ne da ke ƙwanƙwasa bangon ka'idar su ji inda yake da rami. A 1962 George Sudarshan, ɗan Indiya, tare da Bilaniuk da Deshpande, suka lura cewa lissafin ya hana a haura saurin haske daga ƙasa, amma bai fito fili ya hana wani abu ya kasance can sama tun asalinsa ba. Gerald Feinberg ya raɗa wa wannan ƙwaya suna takiyon a 1967. Halinta a juye yake: tana rasa ƙarfi tana ƙara gudu, kuma ba za ta taɓa saukowa ta daidaita da haske ba. An neme ta shekara da shekaru, ko sawunta ba a gani ba. A 2020 Andrzej Dragan na Jami'ar Warsaw da Artur Ekert na Oksfod suka sake buɗe shafin. Suka ce lissafin Einstein yana da reshe na biyu, na masu kallo da suka fi haske sauri, wanda aka saba yarwa, kuma in an bar shi sai wasu baƙin halayen ƙananan ƙwayoyi su fito da kansu. Bayan shekara biyu Dragan da abokan aikinsa suka ƙara da cewa irin wannan mai kallo zai ga duniya da lokaci kashi uku, wuri kashi ɗaya. Wasu masanan sun yi musu raddi, gardamar tana nan a mujallu. Ni dai tausayin Malam Bahaushe nake ji: lokaci guda ɗaya ma an ce ƙarfe huɗu ya zo ƙarfe shida, ina ga an ba shi uku.

Wanda ya fi burge samari shi ne Miguel Alcubierre, ɗan Meziko, da dabararsa ta 1994. Ya tsaya a kan wani abu da masana taurari suka yarda da shi: sararin samaniya kansa yana miƙewa, har gungun taurarin da suka fi nisa suna ja da baya daga gare mu fiye da saurin haske, ba tare da ɗayansu ya wuce hasken da ke gefensa ba. Ya ce to a yi wannan da gangan. Kana zaune a tsakiyar tabarma, ƙwaryar fura tana can bakinta. Maimakon ka tashi, sai a tattaro tabarmar da ke gabanka, a warware ta bayanka. Ga ka ga fura, kuma ba ka motsa ba. Lissafin ya zauna daidai a cikin ka'idar Einstein ta 1915. Matsalar tana wajen mai. Injin yana shan wani irin makamashi na ƙasa da sifiri, wanda babu mai shi ko cikin cokali a ajiye, kuma ƙiyasin farko ya nuna ana buƙatar fiye da nauyin duk abin da ake gani a sararin samaniya. Masu gyara sun rage adadin sosai daga baya, amma har yau a takarda. Ƙari a kan haka, matuƙin da ke ciki ba shi da hanyar aika umarni zuwa gaban jirgin, don gaban ya riga saƙonsa. Jirgi ne da ba a taka masa burki daga ciki. Ɗan acaɓa, ko kai da ba ka jin magana ba za ka hau ba.

To me ya sa masana suke riƙe da wannan iyaka kamar gadon uba? Tsoronsu ya wuce maganar inji. A ka'idar dangantaka ta Einstein, mutum biyu da ke gudu daban ba sa yarda a kan abin da ke faruwa "yanzu" a wuri mai nisa. Muddin saƙo bai wuce haske ba, kowa ya yarda an aika kafin a karɓa. Da zarar ya wuce, akwai mai kallon da zai ga an karɓa kafin a aika, kuma awonsa daidai yake da naka. Haɗa irin wannan saƙo biyu, ɗaya zuwa, ɗaya dawowa ta hannun mai gudu, sai amsa ta iso maka tun ba ka yi tambaya ba. Richard Tolman ya nuna wannan tun 1917. A ce ka sayar da masararka ranar kasuwa, washegari farashi ya tashi, ka ciji yatsa, ka aika wa kanka na shekaranjiya cewa kada ka sayar. Saƙo ya isa, ba ka sayar ba. To yanzu ba ka yi asara ba, ba ka ciji yatsa ba, ba ka da dalilin aikawa. Wa ya aiko saƙon? Buhunan suna rumbu ko suna cikin motar ɗan kasuwa? Duk mai cewa an wuce haske da saƙo, wannan tambayar ce ke jiransa a ƙofa, kuma "na gani a bidiyo" ba ta biya.

Stephen Hawking ya taɓa gwada abin ta hanyar zolaya. Ranar 28 ga Yuni 2009 ya shirya walima a Kambirij, da abinci da abin sha, don baƙi masu zuwa daga gobe, bai kuma fitar da katin gayyata ba sai bayan an tashi. Ya zauna ya jira, babu wanda ya leƙo. Ya ci sa'a a Ingila ya yi. Da a Kakangi ne, ƙamshin girki kaɗai ya isa gayyata: kafin a sauke tukunya an cika tsakar gida, kowa da ɗan kwanonsa, kuma in aka tambaya duk za ku rantse daga gobe kuka zo.